Jiƙon da Ya Ramar da Ɗan Yaye

Ajiye ƙullin maganin nan tukuna, tunda ko tambayar yadda ake shan sa ba ki yi ba. Bari ki ji abin da ya sami wata.

An yi wata tsohuwa da ta yi suna wajen yaye. Duk jikokinta, da zarar yaro ya isa a cire shi daga nono, gidanta ake kai shi, kuma ba a taɓa karɓo yaro daga hannunta ba sai da kumatu. Shi ke nan abin taƙamarta a duniya, ba ta da wani. Sai autanta ya kawo mata ɗansa na fari a tsakiyar damina, lokacin da mura ta zagaye unguwa, gida-gida ana tari. Yaro dai lafiyarsa ƙalau. Yana cin tuwo, yana shan kunu, yana bin kaji da gudu, ya faɗi ya tashi ya ci gaba. Amma hankalin tsohuwa bai kwanta ba, don uwar yaron da ƙyar ta miƙa shi, har da cewa wai ko a bar mata shi ta yaye da kanta. Maganar nan ta tsaya wa tsohuwa a rai. Ta ƙudura a ranta sai ta mayar da shi ɓul-ɓul, ko atishawa bai yi ba, surukar nan ta ji kunya.

Ana haka sai 'yar ƙanwarta da ke karatu a wata ƙasa mai sanyi ta zo gaishe ta, ta kawo mata tsarabar wasu busassun 'ya'yan itace, baƙaƙe ƙanana kamar masoro. Ta ce eldaberi ake ce musu, mutanen can suna sha idan sanyi ya shigo, wai yana ƙara wa jiki ƙarfin kare kansa daga mura. Ta fara bayanin cewa sai an tafasa su sosai, don ɗanyensu ɓata ciki yake yi, kuma ƙaramin yaro a fara tambayar likita. Tsohuwa ta katse ta. "Ke 'yar nan, ni na yi wa uwarki jiƙo tun ba ta san damarta da hagunta ba. Wuta ai kashe magani take yi." Budurwa ta yi mata sallama, don ba a sa-in-sa da babba.

Tana fita tsohuwa ta yi yadda ta saba yi da sabara da sassaƙen maɗaci. Ta daka su a turmi, har da 'yan tsinkayen da ke jiki, ta zuba a ƙwarya, ta jiƙa da ruwan randa. Ruwa ya yi jawur kamar zoɓo mai kauri, ta ce to ga launin jini nan, wannan sai ya gina jiki. Ta matse yaro a tsakanin cinyoyinta, ta toshe masa hanci, ta ɗura masa da ludayi. Kafin la'asar ya fara amai. Kin san tsohuwar nan murna ta yi? Ta ce dattin nono ne yake fita, maganin da bai motsa ciki ba ai ruwa ne kawai. Ta ƙara masa. Zawo ya biyo baya, ta sake ƙarawa. Maƙwabciyarta ta leƙo ta ga halin da ake ciki, ta ce a kai shi asibiti. Tsohuwa ta lissafa, in ta je asibiti labari zai kai kunnen suruka kafin ta dawo gida. Sai ta ce ya kusa warwarewa, ta saki asabarin ƙofarta. Yaron da yake bin kaji ya koma kwance a tabarma, kajin suna tsallake shi. Idanunsa suka faɗa. Kuka ma yake yi babu hawaye.

A al'ada uwa ba ta zuwa inda ake yaye, don kada yaro ya tuna nono. Uwar wannan yaron kuwa ta kasa daurewa, ta taho. Ta durƙusa ta gai da tsohuwa yadda ya kamata, ta ɗaga ɗanta ta ji shi shafal kamar zanin wanki, ta goya shi ta fita. A asibiti an yi ta yi masa ƙarin ruwa kafin ya buɗe ido sosai. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma sai da ya koma rarrafe kafin ya sake takawa. Autan ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ko zama bai yi ba. "Inna, lafiyayye na kawo miki shi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Tun daga ranar ba a ƙara kawo mata ɗan yaye ba. Sai dai ta ji labari, wance ta yaye, wance ta yaye, kowa a ɗakinta. Ludayin ɗurar yana nan a soke a jikin danga, rana ta fasa shi. Yaron kuwa ya girma, in an kai shi gaisuwa ya gan ta da ƙwarya a hannu, ko ruwan sha ne, sai ya ruga bayan uwarsa ya riƙe mata zani. Sauran 'ya'yan itacen tsohuwa ta ba maƙwabciya, ita kuma ta tambayi budurwar, ta tafasa ta tace ta sa zuma, ita da mijinta suka sha babu abin da ya same su.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.