Ranar Da Dada Ta Kira Sunansa

Shayin ya zube a zanen Dada jim kaɗan bayan jirgin Jidda ya miƙi hanyar Sakkwato. Dakta Gidaɗo ya sa hankici ya goge mata, yana dariya a ransa. Matar da ta saba ɗaukar ƙwaryar nono daga ruga har kasuwar Maradun ba ɗigo a ƙasa, yau ɗan kofin takarda ya gagare ta.

Shi ne ɗanta na fari, saboda haka tun da ya zo duniya ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa, kanta a sunkuye. Ya zama likitan ƙwaƙwalwa har Talata Mafara tana tinƙaho da shi, ya kai ta umara, amma yana nan a wancan ɗinsa. Ya san kunya ce, ba ƙi ba. Duk da haka abin yana cin ransa, ko sau ɗaya yake so ya ji sunansa a bakinta.

Sai aka yi sanarwa ana neman likita. Wani dillalin shanu na Bakura, Alhaji Gajere, ya faɗi a can baya yana fizge-fizge.

Gidaɗo ya yunƙura zai tashi, sai ya ji an riƙe masa hannun riga.

"Gidaɗo."

A hankali ta faɗa, harshenta da nauyi kamar mai magagin barci, idonta cikin nasa. Carbinta ya sulale ya faɗi. Ya ɗauka ya ɗora mata a cinya, cike da murna. Ashe Makka ta sassauto da tsohuwa!

"Yanzun nan zan dawo, Dada."

Ya kori masu neman cusa wa Alhaji cokali a baki, ya juya shi gefe, ya yi masa allura daga akwatin jirgi. Ya zauna dirshan kusa da shi yana lura da numfashinsa, har mutumin ya farfaɗo, har jirgi ya fara gangarowa. Duk tsawon lokacin nan murmushi bai bar fuskarsa ba.

"Allah shi biya ka, likita," in ji matar Alhaji. "Wadda ta haihe ka ta ji daɗi."

Ya dawo kujerarsa da sauri kamar yaro, ko za ta sake faɗa. Ya tarar da ita jingine da taga, mayafinta ya zame, gefen bakinta ɗaya ya karkace. Irin fuskar masu shanyewar ɓarin jiki da yake gani kullum a asibiti. Ya kama hannunta, ya ji ya yi sanyi.

Sai a nan ya gane. Dada ba ta ajiye kunya ba. Likita take nema, kuma a duk cikin jirgin nan shi kaɗai ta san sunansa.