Hannun da Ke Kan Littafi

An ce mai zanen nan da ke bin gidajen Hausawa daga Manchester zuwa Birmingham jiki ɗaya yake yi wa kowa, kai kawai yake canjawa. Hajiya Batulu ta ja tsaki. Haka aka daɗe ana faɗa a kan masu yawon zana alƙalan Amurka na dā, kuma duk karatunta na tarihi ba ta ga hujja ba. Balle hoton da ya zana wa mijinta, marigayi Halliru, da ke falonta a unguwar Cheetham Hill ta Manchester. Hannunsa ne sak a kan littafi, har da yatsan da ya karye ya warke a karkace.

Duk da haka zama ya gagare ta. Ta hau train zuwa Birmingham.

A unguwar Edgbaston, a gidan wani Dakta Salihu, fuskarsa ce a hoton bango, amma ga karkataccen yatsan nan. A Balsall Heath ma haka. Ko ruwa ba ta sha ba ta juyo Manchester, ta iske mai zanen, Mutawakilu, a flat ɗinsa.

"Kai, hannun wa ka liƙa wa mijina?"

"Hajiya, ki zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Ya sunkuyar da kai. "Likitoci ba su da time, fuska kawai suke ba ni. Baba Halliru ne yake zauna musu in zana jikin, tun da council ta rage ma'aikata har da shi."

Ta tuna kwat ɗin da take goge masa kowace safiya.

Hannun nasa ne, a kowane gida. Shekarunsa na ƙarshe ba office yake zuwa ba.