Katunan Garkuwa

"Ba inda za a kai shi!"

Kulu ta buga tafin hannunta a kan teburin kicin har cokulan shayi suka yi tsalle. Umma ba ta ko ɗago ba, ta ci gaba da ninke masa kaya tana jerawa a jaka.

"Ke, ki rage murya. Yana jin ki."

"To ya ji mana! Ai maganarsa ake yi."

Wanda ake maganar tasa yana zaune a ƙarshen teburin, fensir a hannunsa na hagu, ya ƙura wa katin da ke gabansa ido. Wata bakwai ke nan yana ɗalibin Kulu. Da can wata Baturiya mai koyar da magana takan zo flat ɗinsu na Perry Barr a Birmingham sau biyu a sati. Aka mayar da shi sau ɗaya a wata. Daga nan sai wasiƙa: an rage ma'aikata, a shiga layi, layin kuma ya wuce shekara. Ranar Kulu ta jawo kwalin takalmi daga ƙarƙashin gadonta ta ce ita za ta yi.

Katuna ne cike da kwalin. Da su ita ma ta koyi karatu. Tana shekara sha ɗaya aka kawo ta daga Kano, ta yi zango biyu a aji ba ta buɗe baki ba, don duk ta karanta layi ɗaya sai an kwashe da dariya. Garkuwa ce ta cece ta. Ta ga wata tsohuwar garkuwa a gidan tarihi, ta tambayi sunan ƙarfen nan da ya kumbura a tsakiyarta. Umbo. Babu ko ɗaya a ajinsu da ya san kalmar, har malamar. Tun daga nan kullum sai an yi mata kati: kalma a gaba, asalinta a baya. Yanzu tana sha biyar, ba littafin da take tsoro. Laburaren unguwa da ake buɗewa kwana biyu kacal a sati ya yi mata kaɗan.

Abin da ya yi mata aiki zai yi masa, haka ta yanke. Ba ta tambayi kowa ba.

"Baffanku Sunusi zai zo da mota ranar Asabar," in ji Umma. "Gidansu a Whalley Range, can Manchester, ƙasa ne, ba bene. Matarsa tana gida duk yini. Ni ina chemist daga safe har yamma, yau ma izini na ɗauka. Ke kuma makaranta sun rubuto sau biyu kina guduwa bayan lunch. Jarrabawar GCSE saura wata uku. Ko kin ɗauka ban sani ba?"

"Nan nake dawowa! Ba yawo nake tafiya ba!"

"Shi ne matsalar ai."

"A Manchester wa zai zauna da shi? Za su kunna masa telly su ba shi shayi, shi ke nan, kamar kujera. Umma, jiya sai da ya kusa faɗa. Wallahi ya kusa."

Umma ta ja zif ɗin jakar. "Wata bakwai kina cewa ya kusa."

"To kati ɗaya. In ya karanta ɗaya, a fasa."

Kulu ta ja kujera kusa da shi da ƙarfi, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin harafin farko.

"Buckler. 'Yar ƙaramar garkuwa ce, ta riƙewa a dunƙulen hannu. Tushenta a Latin kumatu ne, ƙaramin kumatu. Ka san wannan. Faɗi."

Leɓensa ya motsa. "Ba... ba..."

Ta zare katin ta sa wani. "To target. Wannan kam kowa ya sani. Da can targe ce, garkuwa ce ita ma, sai aka wayi gari ta koma abin da ake harbi. Tar-get. Gaɓa biyu ce fa kawai!"

Yawu ya ɗan taru a gefen bakinsa, Umma ta miƙo hannu da tissue ta goge. Wannan ne ya fi ƙona Kulu. Kowa ya haƙura da shi ban da ita.

"Pavise," ta ce. "Babba, mai tsayin mutum, maharbi yakan ɓuya a bayanta. Daga garin Pavia. Ka dube ni! Please. So kake su tafi da kai?"

Ya dube ta. Ya daɗe yana kallon rigar makarantar da ke jikinta, ya kalli agogon bango, ƙarfe ɗaya da rabi na rana, lokacin da ya kamata a ce tana aji. Ya ajiye fensirin. Da bayan hannu ya tura katin gefe a hankali. Ya ja numfashi, ya haɗa duk ƙarfin da ke fuskarsa.

"Man. Ches. Ter."

Gaɓa uku, tsaf, ba gargada. Kalma mafi tsawo da ya furta tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi.

Umma ta rufe bakinta da mayafi. Kulu ta miƙe har kujerar ta kife. Ashe yana iyawa. Ashe ba kasawa ya yi ba, zaɓa ya yi. Ta fisgi jakar makarantarta, ta bar katunan a warwatse a kan tebur, ta kai bakin ƙofa sannan ta juyo.

"Lokacin da ni na kasa, shekara biyu ka yi kana zaune da ni a teburin nan bayan ka dawo daga asibiti duba marasa lafiya, ba ka taɓa cewa a kai ni ko'ina ba. Ni wata bakwai kawai ka ba ni, Abba," ta ce, ta buga ƙofar har benen ya amsa.