Saiwar da Ta Nufi Gida

"Gwaggo, bana yanke saiwoyi kawai ba zai yi ba," na ce mata. "Bututun banɗaki ya fashe. Sai an sare bishiyar."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da na share wa majina? Fara sare ni tukuna."

Kowa a garinmu ya san bishiyar pohutukawa da ke gefen gidanta. Da ta haifi ɗanta tilo, nan aka binne mabiyiyarsa aka dasa bishiyar a kai, kamar yadda ake yi wa kowannenmu. Ya girma, ya shiga jirgin kamun kifi. Teku ta ɗauke shi, ko takalminsa ba ta dawo da shi ba. Ba shi da kabari.

Duk shekara nakan zo da injina in yanke saiwoyin da suka toshe bututun banɗaki, ita kuma ta shige ɗaki don kada ta ji ƙarar. Bana ƙazanta ta malalo waje, har maƙwabta sun fara magana.

Na zura kyamara a bututun, na miƙa mata allon da ke nuna hoton. Ta ɗora tabarau. Fararen saiwoyi ne cunkus, sirara kamar yatsun jariri.

"Ina suka nufa? Titi?"

"A'a, gida. Sun kusa kaiwa ƙarƙashin kicin."

Ta shafa gilashin allon da yatsa.

"Kullum ƙofar gaba nake bar masa a buɗe," ta ce. "Ashe ta nan yake ta neman shigowa, ni kuma duk shekara ina kiranka ka kore shi."