Wa Ya Ce Ki Cire Ruwan?

Minti goma sha ɗaya sinadarin ya yi yana aiki, sannan ya mutu a cikin kwalba.

Shekara huɗu na yi ina gina shi a kwamfuta, ƙwaya bayan ƙwaya, don ya kama hayaƙin injuna ya mayar da shi mai. A lissafi bai taɓa gazawa ba. Da aka haɗa na gaske, ɗan danshi ya gama da shi.

Farfesan da ke duba aikina tun farko ya juya takarduna a gaban kwamitin jarrabawa. "Lissafi babu ruwa? 'Yata, wa ya ce ki cire ruwan?"

Daftarin farko yana cikin jakata. A gefen shafi na tara an rubuta da jan biro: "Cire ruwan, yana cin lokaci." Na san rubutun. Na kuma san sa hannun wa nake jira kafin in ga digiri.

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Ni ce."

Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce yaran yanzu akwai gaggawa. Ya ƙara mini shekara guda, ya sa hannu a ƙasa da jan biro.

Ko biron bai canza ba.