Fuskar da ke Jikin Rigar Gwanjo

Tun da Amurka ta kafa dokar goge duk wani hoto, waƙa ko labari da ya haura shekara goma, mu 'yan gwanjon Ƙofar Wambai muka zama malaman tarihinsu. Ai tsofaffin rigunansu na wurinmu, da fuskoki da rubutu a ƙirji.

Ranar Talata da hantsi wata Ba'amurkiya mai suna Darlene ta tsaya a rumfata, na'urar tafinta rataye a wuyanta. Ta miƙo min hoton wani mutum-mutumi riƙe da jita.

"Baba, a tsakiyar garinmu yake, kuma babu wanda ya san ko wane ne. Ranar Juma'a za a narkar da shi."

"Ikon Allah! Ku da kuka kafa shi?"

"Iyayenmu ne suka kafa. Su ma sun ce sun manta."

Na kwance wata tsohuwar dila, na yi ta tono har na zaro wata baƙar riga da ta koɗe. Ga fuskar nan, ga sunansa a ƙasa. Mawaƙi ne, direbobin tirela sun sha kunna waƙarsa muna samari.

Na ɗan rera mata amshin da Turancina na kasuwa. Kafin in kai rabi, bakinta ya riga ni, kalma bayan kalma, hawaye na bin kuncinta.

"'Yata, ashe kin san ta?"

Ta girgiza kai. "Ban taɓa jin ta ba, Baba. Sabuwa ce?"