Haƙorin Makka

Tun da iska ta fara cin duwatsu aka kafa doka: duk ƙashin da ya zama dutse, a goge shi, a shafe shi da mai kafin tsatsa ta marmashe shi. A Wurno, Inna Kubura, mai wankan gawa a da, ita ke wannan aiki.

Ran nan Sahabi direba ya kawo mata wani muƙamuƙi.

"Daga ramin kifayen zamanin da can aka tono shi, Inna."

Ta kankare lakar. Haƙorin Makka ya haska, da 'yar tsagar da ta sani. Na yayarta Ladidi ne, wadda bara ta wanke gawarta da hannunta.

"Ajiye man nan, ɗebo ruwa," ta ce a hankali. "Ta ɓangaren dama ake fara wankan gawa."